Mai Awo da Ƙwauri

Duk wanda ya taɓa hawa matakalar ƙaramin asibitin unguwar nan ya sauko yana dafe da gwiwa, to ya san aikin Dogo, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Magini ne, ya haura shekara arba'in a sana'ar, kuma ba a taɓa jin ginin da ya yi ya tsage ba, balle a ce ya faɗi. Wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarsa ya shaida. Aibinsa guda ɗaya ne tak: ba ya awo da tef.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Tun yana ɗan shekara goma sha biyar ubangidansa, wani tsohon magini gajere mai faɗan tsiya, ya cusa masa cewa jikin magini shi ne ma'auninsa. Faɗin ƙofa da kamu, kaurin bango da taƙi, tsawon ɗaki da taku, matakala kuwa ta zo maka tsakiyar ƙwauri. A hannun tsohon wannan awo ya yi kyau, domin ƙwaurinsa bai taka kara ya karya ba. Abin da bai hango ba shi ne yaron nasa zai yi ta miƙewa kamar ba zai tsaya ba, har ya kai sai ya sunkuya kafin ya shiga ɗakin uwarsa. Tsohon ya rasu, awon ya zauna, ƙwaurin kuma ya ninka.

Haka Dogo ya yi ta gina wa jama'a. Ya jera bulo, ya ɗora ƙafa, ya hau, ya sauko, ya ce ta yi. Idan mai gini ya yi ƙorafi cewa tsohuwarsa ba ta iya hawa, sai Dogo ya sake hawa a gabansa ya sauko, ya buɗe hannuwa, alamar ga shi ai ka gani da idonka. Mutane kuwa suna jin nauyinsa, ga shi mai gaskiya, ba ya satar siminti, ba ya barin aiki rabi. Sai bayan ya tafi su nemo dutse su ajiye a gindin matakalar. Da za ka zaga unguwar ka ƙirga duwatsun nan, da ka san adadin gidajen da ya gina ba tare da ka tambayi kowa ba.

Matarsa ma ta wajen awon nan ya same ta. Yana saurayi aka ba shi aikin shafe allon bango a wani aji na makarantar firamare. Ya shafe shi sumul, daidai inda hannunsa yake kaiwa. Washegari wata sabuwar malamar lissafi, 'yar gajeruwa mai ƙaramar murya da kaifin ido, ta same shi yana wanke cokalin gini, ta ce ya zo ya ga abin da ya yi. Ta ɗaga alli iya tsawon hannunta, ta ja layi, layin bai kai ko tsakiyar allon ba. Dogo ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ce zai sa a yi mata benci. Ta ce ba benci ta zo nema ba. Ya kawo bencin duk da haka, ta hau, kuma bayan wata takwas aka ɗaura musu aure. Har yau ba wanda ya san abin da ta gani a wajensa, ita ma da aka tambaye ta cewa ta yi ba a tambayar mutum irin wannan.

A gidan da ya gina musu, Malama ta yi shekara talatin da uku tana ganin ɗankwalinta kawai a madubin bango. Kantar kicin sai da sanda take jawo abin da ke kai. Tagar ɗakinsu kuwa, labarin abin da ke faruwa a waje sai dai ya ba ta. Ta yi magana a shekarar farko, ta yi a ta biyu, daga nan ta ga 'ya'ya sun fara zuwa, ga tarin littattafan yara na jiran maki, sai ta bar shi da halinsa. Ba rashin so ba ne, wannan ta sani. Mutumin da zai tashi ya ɗauko mata duk abin da ta nuna, ko yana tsakar cin abinci, ba a ce ba ya so. Kawai dai bai taɓa kawo wa ransa cewa mutum zai fi son ya ɗauko abinsa da kansa ba.

Ginin da ya fi alfahari da shi shi ne ɗakin taron makarantar da Malama ke koyarwa. Matakala huɗu ya yi masa, masu faɗi, daga wannan kusurwa zuwa waccan, gefensu a goge kamar an lasa. Baƙo bai isa ya kwana biyu a gidan Dogo ba a kai shi ya ga matakalar nan ba. 'Yan aji ɗaya da hannu da ƙafa suke hawanta, shi kuwa yana cewa motsa jiki ne.

Ana saura shekara ɗaya Malama ta yi ritaya, motar da ta ɗauko ta daga wajen ƙanwarta ta yi haɗari. Ta rayu, hannuwanta da bakinta ba abin da ya same su, amma ƙafafun sun tafi. Bayan wata biyar a asibiti ta dawo gida a keken guragu. Dogo ya fasa dokin ƙofar kowane ɗaki a gidan tun kafin a sallamo ta, ba wanda ya roƙe shi. Amma a waje, dabararsa ɗaya ce: ɗauka. Idan suka isa asibiti ko gidan 'yan'uwa, sai ya naɗe hannun riga, ya kira amininsa Mai Walda ya kama gefe ɗaya, su ɗaga ta da keken gaba ɗaya, Dogo yana ba mutane umarni su kauce. Yana jin daɗin hakan, don yana ganin ya nuna wa duniya cewa matarsa tana da mai ɗaukarta. Ita kuwa tana sama tana kallon ƙeyar mutane, ta ƙanƙame hannun keke, tana jin kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sannu a hankali ta daina fita. Dogo ya ɗauka gajiya ce, ya sayo mata maganin ƙarin jini.

Ana nan sai ga takarda daga Hedimasta, wanda shi ma a hannunta ya koyi lissafi. Makaranta ta shirya mata taron ban kwana nan da mako uku, a ɗakin taro, za a gayyato tsofaffin ɗalibai da iyaye. Dogo ya karanta ya ji kansa ya ƙara girma. Matarsa, a cikin gininsa. Ya fara lissafin wanda zai kama gaba da wanda zai kama baya. Malama ta ninke takardar ta ajiye a cinya.

"Maigida, ba zan je ba."

Ya tambaye ta ko jikin ne. Ta ce jiki lafiya lau.

"Shekara talatin da huɗu ina shiga aji yara suna miƙe mini," in ji ta. "Ba za su ga an kinkimo ni kamar buhun siminti ba. Idan ba da kaina zan shiga ba, su yi taronsu, a aiko mini da hoton."

Ya san muryar. Da ita take cewa a fito da littafin aikin gida, kuma ba a taɓa jin wanda ya ja da ita ya ci riba ba. Ran Dogo ya ɓaci, ba don ta ƙi ba, sai don abin da ya gane a lokacin: ashe duk ɗaukar nan da yake yi yana washe baki, ita kunya take sha.

Washegari ya sami Hedimasta ya ce a ba shi izini ya yi gangara a gefen matakalar. Hedimasta ya ce, Baba Dogo, ai ginin naka ne. Cikin kwana huɗu ya gama. Taku uku ya ba ta, takunsa, daga ƙasa zuwa bakin ƙofa, ya shafe ta sumul har tana ɗaukar ido. Ya hau da ƙafa, ya sauko, ya ce ta yi.

Mai Walda, wanda aka kira don ya auna ƙarfen riƙewa na gefen gangarar, ya tsaya yana kallonta yana sosa gemu. Mutum ne da ba ya son musu, amma yana son kallo. Ya ce shi dai a ganinsa, tun da ba da ƙafa Malama za ta hau ba, ai da keke ya kamata a gwada. Dogo ya ga magana ce. Da azahar, lokacin da Malama ke ɗan kishingiɗawa, ya lallaɓa ya turo keken zuwa makaranta.

Zamansa a ciki ma kallo ne, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Ya kama tayoyi ya tura. Ƙananan tayoyin gaba suka hau gangarar, suka ɗaga sama, keken ya yi baya, ba don Mai Walda ya tare ba da ƙeyarsa ta sha ƙasa. Ya sake gwadawa, ya yi nishi, jijiyoyin wuya suka tashi, bai kai ko rabi ba. Mutumin da ke ɗaga buhun siminti biyu. Ya ce to hawa dai akwai gyara, bari a ga sauka. Suka ɗaga keken zuwa sama, ya shiga, Mai Walda ya tambaye shi ko ya saki, ya ce saki.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa sanin keken guragu yana da gudu haka ba. Ya ratsa filin makaranta daidai lokacin da aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka dare biyu, Dogo yana neman birki a inda babu shi, ƙafafunsa a miƙe gaba. Ya wuce sandar tuta da kyar, ya nufi tulin yashin da shi da kansa ya sa aka sauke, keken ya tsaya, shi bai tsaya ba. Hedimasta ya fito a guje ya same shi kwance, yashi har cikin kunne. Yara kuwa suka yi ta tafi, wasu suna roƙon a sake.

Da ya mayar da keken gida, Malama tana zaune a bakin gado tana jira. Ta dubi yashin da ke cikin tayoyi, ta dubi goshinsa. Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ke aiki a ofishin masu zanen gine-gine, ta zo da yamma ta ji labari, ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tambayi tsayin matakalar. Ya nuna mata a jikinsa. Ta ce a'a, Baba, da mita. Aka aika aka auno, mita ɗaya cif. Ta ce to gangarar da mutum zai hau da ƙarfin hannunsa, kowace mita ɗaya ta tsayi tana bukatar mita goma sha biyu a kwance, da wurin hutawa a tsakiya, kuma kada a shafe ta sumul, a bar ta da kaushi.

"Goma sha biyu?" in ji Dogo. "Wannan ai ba gangara ba ce, titi ne."

Daga cikin ɗaki Malama ta ce a miƙo mata rularta ta katako, gobe kuma a kai ta wajen. Rabonta da fita wata huɗu ke nan.

Ta isa da safe, ta sa aka ajiye ta a gaban ɗakin taron, ta ba Dogo bakin tef ɗin Auta ta ce ya riƙe nan, kada ya motsa. Magini mai shekara arba'in a sana'a ya tsaya riƙe da tef kamar ɗan aji uku, matarsa tana kiran lamba yana maimaitawa. Aka gwada miƙe gangarar gaba, ta ci karo da sandar tuta da hanyar shiga. Aka gwada bayan gini, Malama ta ce ita ba ta ƙofar baya take shiga ba. Hanya ɗaya ta rage: gangarar ta bi jikin bango daga kusurwa ta ƙare a bakin babbar ƙofa. Wato dai rabin matakalar nan, duk ɓangaren hagu, sai an fasa.

Dogo ya saki tef ɗin. Ya ce a sake aunawa. Aka sake, lissafi bai canza ba, don lissafin Malama ba ya canzawa. Ya ce zai yi tunani.

Ya yini bai ci abin kirki ba. Da la'asar ya koma shi kaɗai ya zauna a kan matakalar, yana shafa gefenta da tafin hannu. Abin dariya ne a ce dattijo yana jimamin siminti, amma shi a wajensa ba siminti ba ne. Bai yi karatu ba, ba shi da takardar shaida ko ɗaya, abin da zai nuna ya ce ni na yi shi ne wannan. Da ya dawo gida ya zauna yana jan maganar, wai ko a rage tsawon kaɗan, wai ko mita takwas za ta yi. Malama tana gyara farcenta, ba ta ɗago ba.

"Ni fa ban ce ka fasa ba, Maigida. Cewa na yi ba zan je ba."

Da sassafe aka ji ƙarar guduma daga makaranta.

Kwana uku ya yi yana fasawa, domin kankaren da ya zuba shekara ashirin da suka wuce ya ƙi ba da kai. Ƙotar guduma biyu ta karye. Duk wanda ya zo wucewa sai Dogo ya tsayar da shi, gumi na zuba, ido ya yi ja, ya ce ya dubi irin aikin da ake yi a da, ko guduma ba ta cin sa. Ba a san ko kuka yake ko alfahari ba, shi ma da alama bai sani ba.

Malama kuwa ta mayar da wajen aji. Kullum tana nan ƙarƙashin inuwa da rula a cinya. Ta sa Mai Walda ya sauke ƙarfen riƙewa sau biyu, don a karon farko daidai ƙugun Dogo ya sa shi. Ta gano dokin ƙofar zai tare taya, aka fasa. Ta gano hannun ƙofar ya yi sama, aka sauke. Ta tura kanta har bayan gida ta dawo ta ce ƙofarsa ba ta cin keke, Dogo ya ce ai taron awa biyu ne kawai, ta dube shi, ya ɗauki guduma. Yanzu kafin ya ɗora bulo sai ya waiwayo, ta ce masa sama kaɗan ko ƙasa kaɗan. Wata rana ma aka gan shi ya durƙusa a gabanta, idonsa daidai nata, yana duba ginin daga nan, ya daɗe bai tashi ba.

Saura kwana biyu Hedimasta ya tuna cewa dandamalin da ke cikin ɗakin shi ma matakala uku gare shi, aikin Dogo. Lokaci ya ƙure. Dogo ya fara neman guduma, Hedimasta ya riƙe hannunsa ya ce ya isa haka, kada a wayi gari babu ɗakin taron. Aka sauko da teburin manyan baƙi ƙasa, kowa ya zauna daidai da kowa.

Ranar taron filin ya cika. Akwai direbobi, akwai masu shago, akwai wata likita, akwai iyaye riƙe da 'ya'yan da su ma ita ta koyar. Wata tsohuwa mai sanda ta bi gangarar tun kafin a fara, ta kai sama, ta tsaya tana mamakin yadda ta iso ba ta yi nishi ba. Yara suka yi layi biyu. Dogo ya turo Malama har gindin gangarar, cikin rigarsa mafi kyau, sannan ta ɗaga hannu, ya saki.

Ta kama tayoyi ta fara hawa. A hankali take tafiya, turi ɗaya, turi biyu. Dogo yana biye da ita taku ɗaya a baya, hannuwansa a buɗe, bai san inda zai kai su ba. Ta isa wurin hutawa ta tsaya tana mayar da numfashi, gumi ya tsatso mata a goshi. Da ta sake kamawa keken ya ɗan ja baya, yatsunsa suka kai ga hannun keken.

"Kada ka taɓa," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba.

Ya janye. Bai taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan janyewar ba. Ta tura, ta sake turawa, mita shida ɗin da suka rage suka zame masa kamar tafiyar yini, har tayoyin suka hau daɓen bakin ƙofa suka daidaita. Mutanen da ke cikin ɗakin suka miƙe tsaye gaba ɗaya, kujeru suna ƙara, ba wanda ya ce su tashi.

Malama ta gyara mayafinta, ta share goshi da gefensa. Ta ɗan karkato kai, ta yi magana yadda ba wanda zai ji sai shi.

"To, Maigida, na iso. Yanzu tura ni, na gaji."

Ya goge tafukansa a jikin riga, ya kama keken, suka shiga.